Kekenki Yana Titi, Ke Kina Ɗaki: Maganar Inshorar Abin Hawa na Haya

   

Yau filin namu zai ɗan yafa mayafi ya leƙa titi. Na san wata tana daga ɗaki tana cewa, "Mu da ko zaure ba ma leƙawa sai da dalili, ina ruwanmu da titi?" Da ruwanmu, 'yar'uwa. Da za a tsayar da masu Adaidaita Sahu a Kano, ko masu Keke Napep a Katsina da Gusau da Sakkwato, a tambayi kowane direba, "Na wane ne wannan keken?" da kin ji da yawa suna cewa, "Na wata Hajiya ne a unguwarmu." Wata adashe ta kwasa ta saya. Wata tumunin takabarta ne. Wata sarƙar gwal ɗinta ta sayar, wata kuma ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta shekara da shekaru ta tattara. Ta ba wani yaro yana ja, kullum bayan magariba yana aiko mata da balas, da shi ake cefane, da shi ake biyan kuɗin Islamiyya. Ko a asali ma keken nan namu ne. A shekarar 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, saboda mata aka fito da shi a Kano, don a raba mu da hawan acaɓa. Da aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin a 2013, sai ya mamaye ko'ina. Ga shi yau da yawanmu mun tashi daga masu hawa mun koma masu shi.

To, ita wannan dukiya ta sha bamban da keken ɗinki ko firiza da ke gabanki kina kallo. Tana can tana gudu a tsakanin tireloli da yara 'yan makaranta, a hannun wani, ke kuwa kina ɗaki kina tankaɗe. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna a kan wata takarda guda ɗaya da yawancinmu ba mu taɓa warware ta mun duba ba, wato takardar inshora.

Bari in fara da abin da ya faru a layinmu. Wata baiwar Allah ce mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar. Da aka raba gado, aka yi shawara da kawun yaran, aka sayo keke don ya riƙa ciyar da gidan. Duk shekara direban yakan zo ya tsaya a zaure ya aika a ce, "Umma, takardu sun ƙare." Ta ƙirgo kuɗi ta aiko masa, ya je ya dawo da takardu a leda, ta ce Allah ya yi albarka. Rannan da yamma burki ya ƙwace masa, ya daki bayan wata mota mai tsada, ya kuma bige wani dattijo da ke tsallaka titi, ƙafa ta karye. Aka wuce da keke caji ofis. Kowa ya san direba ba shi da ko sisi, don haka tambayar farko da aka yi ita ce, "Ina mai keken?" Ƙaninta ya ɗauki takardar inshora ya nufi kamfanin da sunansa ke jiki. Suka duba, suka ce wannan ba daga wurinsu ta fito ba. Ashe shekara uku takardar bogi ake saye a gindin bishiya. Shi kansa direban bai sani ba. Shi dai ya san in ya nuna ta a hanya ana barinsa ya wuce. Ƙarshenta keken aka sayar aka biya asibiti da gyaran mota, aka cike da bashi. Ina gidan ranar da masu saye suka zo karɓar takardu. Ba na fatan in sake jin irin wannan kukan.

Mene ne ita inshorar? Ai mu mata mun fi kowa saurin gane ta, tunda mun san adashe, mun san gudummawar biki. Masu abin hawa ne da yawa, kowa yake zuba ɗan wani abu a asusu ɗaya duk shekara. A cikinsu ba kowa ne zai yi haɗari ba. 'Yan kaɗan ɗin da tsautsayi ya faɗa wa, sai a ɗebo daga asusun a biya ɓarnar. Inda ta rabu da adashe shi ne, ita ba ta da ranar kwasa. Idan shekara ta ƙare lafiya ba za a ce ga naki ba, kuma ke ma ba kya fatan ranar kwasarki ta zo, don ranar kuka ce.

Kuma fa ba a bar ta ga ganin dama ba. Tun 1945, zamanin Turawa, aka yi dokar da ta hana a hau titi da mota babu inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Dokar inshora ta 2003 ta sanya tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya, sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ita ma ta bar abin a matsayin dole. Daga ranar 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka shiga bincikar wannan takarda a duk faɗin ƙasar nan. Abin da nake so ki riƙe shi ne, laifin bai tsaya a kan mai tuƙi ba, ya haɗa da wanda ya ba shi abin hawan ya ce ya hau titi. Haka kuma a kotu, ɓarnar da yaron da kika ɗauka aiki ya yi a bakin aikinki, ana iya cewa ke za ki biya. Kin ga maganar ta baro titi, ta wuce zaure, ta shigo har ɗakinki.

Wadda doka ta wajabta ita ce ake kira inshorar mutum na uku. A ofis za a ji suna cewa "tad-fati", ki riƙe kalmar don ki iya faɗa wa wanda za ki aika. Mutum na farko ke ce. Na biyu kamfani. Na uku shi ne duk wanda abin hawanki ya taɓa: mai tafiya a ƙasa, mai motar da aka daka, mai teburin lemo da aka zubar wa da kaya, mai katangar da aka rushe. Hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, wato NAICOM, ita ke yanka farashi. A farashin da ta sanya daga 1 ga Janairu 2023, keke mai ƙafa uku naira 5,000 ne a shekara, kuma kamfani zai biya ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 2. Babur naira 3,000, ɓarna har miliyan 1. Motar gida naira 15,000, ɓarna har miliyan 3. Motar da ke ɗaukar kayan sana'ar mai ita, kamar a-kori-kurar gidan burodi ko ta ruwan leda, naira 20,000, ɓarna har miliyan 5. Babbar motar dakon kaya kuwa naira 100,000. Wannan iyaka ta dukiya ce. Idan rauni ne ko rasa rai, Allah ya kiyaye, lissafinsa daban ne, ba a ɗaure shi da wannan adadi ba.

Ki raba 5,000 ɗin nan a kan kwanakin shekara ki gani. Bai kai naira 14 a rana ba.  A kan wannan ne aka rasa keken marayu.

Me ya sa ake faɗawa hannun 'yan bogi, alhali ta gaskiyar ba ta da tsada? Saboda yadda muke yin abin. Mukan dunƙule kuɗi mu ce "na takardu", direba ya miƙa wa wani ɗan kamasho a bakin ofishin lasin, shi kuma ya haɗo komai a leda ɗaya. Ta gaskiya da ta ƙarya kamarsu ɗaya a ido, har hatimi. Idan kika ji an ce an samo miki a ƙasa da farashin hukuma, ki san akwai lauje cikin naɗi. Amma ko an karɓi cikakken kuɗi, wannan ba shaida ba ce. Shaidar tana cikin wayarki. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun da ake shigar da duk inshorar mota ta gaskiya. Ki ba ɗanki ko 'yarki ta sakandare waya, a shiga shafin askniid.org, a rubuta lambar keken. An kuma fitar da lambar *565*11# don masu ƙaramar waya. Idan takardar ta gaskiya ce za ki ga sunan kamfani da ranar da za ta ƙare. Idan an jira 'yan kwanaki bayan biya ba ta fito ba, kada ki saurari dogon bayani, a koma a karɓo kuɗinki. Wannan bincike ko ƙofar ɗaki ba sai kin taka ba. Kuma in so samu ne, ki daina ba da kuɗin a hannu. A tura shi asusun kamfanin kai tsaye, asusu mai sunan kamfani, a ajiye rasit. Ka'idarsu ita ce sai an biya kariya take farawa, ba a cin bashinta.

Bayan kin tabbatar ta gaskiya ce, sai ki sa a karanta miki sunan da ke jiki. A nan ne mu mata muke cutar kanmu da kunya. Wata ba ta so a san tana da abu, don gudun ido ko gudun 'yan aro. Wata ba ta so abokiyar zama ta sani. Wata kuwa gani take rashin ladabi ne sunanta ya hau takarda ga maigida a raye. Sai a rubuta sunan maigida, ko na wa, wani lokaci ma har na direba. To ki sani, kamfani ba ya duba wadda ta sayar da sarƙa, sunan da ke takarda yake dubawa. Da shi zai yi magana, shi zai biya. Ba ina cewa ki zargi kowa ba ne, maigida mai amana ne, mun sani. Amma rai fa? Ranar da ta Allah ta kasance, abin da ke ɗauke da sunansa cikin gado za a lissafa shi, ke kuma a ce ki kawo shaidu. Ki samu lokacin da ransa ke sanyi ki ce, "Malam, ina neman alfarma a sa sunana a takardun keken nan, don gudun rikici a bayanmu." Namiji mai hankali shi zai fara cewa haka ya dace. Musulunci ya ba ki ikon mallakar dukiyarki, hukuma ma haka. Lambarki ta NIN da lambar wayarki su ne manyan abubuwan da za a nema. Sunan da ke rasit ɗin saye, da na lasin abin hawa, da na inshora, duk su zama ɗaya. A duba lambar inji da lambar shasi su ma sun yi daidai da na jikin keken, don kuskuren harafi ɗaya yakan jawo jeka-ka-dawo.

Masu ba da keke a kan yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan har direba ya mallaka, ku ma da ku nake. Muddin bai gama biya ba, keken naki ne, alhakinsa na wuyanki. A rubuta a takardar yarjejeniya, gaban shaidu, wanda zai riƙa biyan inshora. Ranar da ya kammala kuwa, a canja suna a sanar da kamfani, kada ya ci gaba da yawo da sunanki shekara da shekaru.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, don nan ne ko masu ilimin boko suke tuntuɓe. Inshorar abin hawa na gida daban take da ta abin hawa na sana'a. Kamfani yana yanka kuɗi ne gwargwadon haɗarin da ya ɗauka. Motar da ke kai Alhaji kasuwa da safe ta dawo da shi da yamma, ba ɗaya take da wadda ke zagaye gari tun asuba har dare cike da mutane ba. Saboda haka takardar motar gida takan faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki haya ba. Sau nawa muka gani, maigida ya rasu ko ya sayi sabuwa, tsohuwar motar ta zama taki, kika ce maimakon ta zauna tana ruɓewa bari a ba wani ya riƙa kabu-kabu, ko ya riƙa kai yaran unguwa makaranta ana biya duk wata, ko ta riƙa rarraba miki zoɓo da kunun aya a shaguna. Dabara ce mai kyau. Amma takardar da ke cikinta har yanzu ta motar gida ce. Ranar da abu ya faru, jami'in kamfani zai tambaya, "Me motar take yi a lokacin?" Da an ce haya, sai ya buɗe takarda ya nuna layin da ya fitar da su. Takarda ta gaskiya, an biya kuɗi, amma ga ki a rana. Kuma kada wani ya ba ki shawarar a ɓoye musu don a rage kuɗi. Abin da aka ƙulla a kan ƙarya, su ma suna da ikon warware shi. A gaya musu gaskiya tun farko: haya za ta yi, mutum kaza take ɗauka, ga garin da take aiki, ga hanyar da take bi. A kuma tambaye su da baki, "Fasinjojin da ke ciki suna cikin wannan kariya?" a sa su nuna wurin da aka rubuta.

Ga wata 'yar alama da ko yaro za ki iya aikawa ya dubo miki. A ƙasar nan lambar motar gida da shuɗin rubutu take, ta haya kuwa da ja. Idan motarki tana haya da shuɗiyar lamba, to da wuya a ce sauran takardunta na haya ne.

Sai halin direba, wanda shi ma yana iya ɓata miki takarda mai kyau. Dole ya kasance yana da lasin tuƙi mai rai, wanda ya dace da abin da yake ja. Ki ce ya kawo ki gani da idonki, a ɗauki hotonsa a waya. Sannan ga ɗani. Direba ya gaji da rana, ya miƙa wa ƙaninsa ko abokinsa ya ɗan zaga ya samu na shayi, yaron da ko gemu bai fito masa ba, balle lasin. Idan a hannun wannan aka yi haɗari, kamfani na da hujjar ja da baya. Haka lodin wuce ƙima, a cusa mutane a baya, a ɗora biyu a gefen direba, a ɗaure buhu a sama. Ke ba kya titi, ba za ki gani ba, gaskiya ne. Amma kina da 'yan'uwa da ke fita, kina da maƙwabta. Ki kafa sharaɗin tun ranar ba da makulli, a gaban maigida da wanda ya tsaya wa direban, cewa ranar da aka ga keken a hannun wani, ranar za a karɓe shi. Ki kuma duba kanki: idan kika tsuga masa balas ɗin da ba zai samu ba sai ya yi gudu da lodi, to da hannunki a ciki.

To, me inshorar mutum na uku ba ta biya? Ba ta biyan kekenki. Ko ya murƙushe ya zama gwangwani, ko ya ƙone, ko an sace, ba ruwanta, ita ta mutanen waje ce. Ba ta biyan jinyar direbanki. Ba ta biyan kayan da aka ɗauko, ko da atamfofinki ne daga Kantin Kwari. Kaya suna da tasu inshorar daban. Da yawa sukan ji an ce "akwai inshora" su saki jiki, sai abu ya faru su ce an cuce su, alhali abin da suka saya ke nan.

Mai son a rufa mata har da abin hawan, sai ta nemi cikakkiyar inshora, wadda suke kira "kwamfirihensif". Ita ta haɗa ɓarnar mutanen waje da ta abin hawanki, da gobara, da sata. Tana da tsada, ba zan ɓoye miki ba. A ka'idar NAICOM ta 2023 ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawan a shekara. Misali, abin hawan da aka yi wa kuɗi naira miliyan 4, sai ki tanadi aƙalla 200,000, wato wajen naira 550 kullum. A nawa ganin, wadda take da kekuna biyar, in ɗaya ya tafi huɗu za su ɗauke ta, tana iya tsayawa a ta dole. Amma wadda guda ɗaya tak gare ta, kuma shi ne tukunyar gidan, ko na marayu ne a hannunta, ko da bashi aka saye shi, ita ce ta fi kowa buƙatar cikakkiyar, duk da ita ce kuɗin zai fi yi wa nauyi. Ki zauna ki yi lissafi da balas ɗinki, ki ga ko zai ɗauka.

In za ki yi ta, akwai tambayoyin da za a yi kafin a biya. Yawanci akwai wani kaso na farkon ɓarna da ke za ki ɗauka da kanki, sai abin da ya haura shi kamfani ya biya; a tambayi nawa ne. Ba sa biyan tsufa da lalacewar yau da kullum, irin su inji ya buga ko taya ta cinye, wannan tsakaninki da makanike ne. Ambaliya da tarzoma sau da yawa sai an ƙara kuɗi ake sa su. Sannan ga babbar tambaya ga masu ba da haya: idan direban da kansa ne ya gudu da keken fa? Kamfanoni da yawa ba sa lissafa wannan a cikin satar da suke biya, don da hannunki kika ba shi makulli. A tambaya, a ji amsa a rubuce. Shi ya sa mai tsaya wa direba, mutumin kirki mai gida da iyali a unguwa, inshora ba ta maye gurbinsa. Kuma a faɗi darajar abin hawan ta gaskiya, a riƙa sabunta ta, don ba za su biya fiye da abin da aka rubuta ba, ga shi kuwa farashin kaya ba ya zama wuri ɗaya.

Na san akwai tambayar da ke cin zuciyar da yawanku tun da na fara: shin halal ce? Tambaya ce mai kyau, kuma malamai sun daɗe da tattauna ta. A 1985 majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta ce inshorar kasuwanci irin wadda aka saba tana da garari, wato ciniki a kan abin da ba a san tabbacinsa ba, don haka ba ta halatta ta ba, amma ta amince da inshorar taimakon juna. Wannan ita ce takaful. A Sudan aka fara kafa kamfaninta a 1979. A nan gida NAICOM ta fitar da ka'idojinta a 2013, a 2016 kuma aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasin, wasu suka biyo baya. A takaful, abin da kika zuba gudummawa ce ga asusun 'yan'uwa, asusun na masu zubi ne, kamfani wakili ne da ake biyansa ladan kula, kamar dai uwar adashe. Ba a juya kuɗin a harkar ruwa, akwai malamai masu sa ido, kuma in shekara ta ƙare da rara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi komai ba. Takardarsu ta mota karɓaɓɓiya ce a wurin hukuma kamar kowace. Tunanin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu: a fiƙihu, diyyar kisan kuskure dangin mutum na wajen uba ne ke haɗuwa su biya, don kada nauyin ya karya mutum ɗaya. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba, ta sa maigida ya tambayar mata malamin da suka yarda da shi. Abin da ba na so shi ne a fake da "Allah ya kiyaye" a ƙi yin ko ɗaya, sannan a bige ɗan wani a rasa abin kai shi asibiti. Haƙƙin mutum ne fa.

Idan kuma ranar ta zo, Allah ya nisanta ta, ga abin da za ki sa a yi, kuma ki koya wa direba tun yanzu. Rai ne farko, a kai wanda ya ji ciwo asibiti. A ɗauki hotunan wurin da na abin hawan duka biyu kafin a janye su, a karɓi lambar wayar waɗanda suka gani. A sanar da 'yan sanda, don kamfani zai nemi rahotonsu. A kira kamfani a ranar, ko washegari, kada a bari sai an gama zaman sulhu. Takardarki ta faɗi kwanakin da aka ba ki, in suka wuce kin ba su hujja. Mu da al'adarmu, da abu ya faru sai dattawa su taru a zaure, a ce "mun ɗauki laifi, za mu gyara", a yanka kuɗi. Zuwa dubiya da ba da haƙuri wajibi ne, ki aika, ki yi abinci a kai asibiti. Amma yanka kuɗi da sa hannu a takarda, a jira kamfani, domin alkawarin da kika ɗauka ba da saninsu ba suna iya cewa ba da yawunsu ba. Haka gyara: kada a kai wa mai walda ko mai fenti sai jami'insu ya zo ya gani. Duk rasit na asibiti da na magani a adana. Idan kin cika komai kamfani ya tsaya yi miki yawo da hankali, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, a rubuta musu, a haɗa da kwafin takardu.

Asalin takardar inshora a hannun direba take zama saboda masu bincike a hanya, amma ki sa a yi miki kwafi ki ajiye a ƙasan akwati tare da rasit, hotonta kuma ya zauna a wayarki. Ranar ƙarewarta ki sa a rubuta miki a jikin kalanda, don shekara ɗaya take yi, in ta ƙare yau aka yi haɗari gobe, kamar ba a taɓa yi ba. Ni abin da nake ba mata shawara shi ne a samu ɗan asusun ƙasa ko gwangwani daban, kullum aka kawo balas a jefa wani abu a ciki, kafin wata goma sha ɗaya kuɗin sabuntawa sun taru, ba sai an taɓa na cefane ba.

Yau da daddare in yaron ya kawo balas, ki aika a ce ya bar miki ledar takardun zuwa safe.